Littafin Tsuntsaye a Tukunyar Kirsimeti

Murfin tukunya ne ya fara tona zancen. Muna da wata babbar tukunyar dalma wadda ba a sauke ta daga saman kabad sai Kirsimeti, ko ranar da baƙi suka yi mana yawa, kuma duk shekarun da na yi da ita ban taɓa jin motsinta ba. Amma a makon nan, da zarar an rufe ƙofar ɗakin girki sai in ji "kwal", ɗan ƙara siriri kamar cokali ya taɓa kofi. Ranar farko na ce ɓera ne. Rana ta biyu na ɗora wa iska. Ranar Laraba da safe, maigidan ya tafi aiki, yara sun tafi makaranta, na jawo kujera na hau.

Murfin bai zauna daidai ba. Wani abu ne a ciki, an naɗe shi a baƙar leda an jingine shi a karkace, kusurwarsa ke ɗage murfin.

Littafi ne. Ba shi da bango, takardunsa sun yi launin ƙasa, gefensu ya yi laushi saboda yawan hannu. Cikinsa duk hotunan tsuntsaye ne, wasu na sani, wasu ban taɓa gani ba. A ƙashin bayansa akwai wata 'yar farar takarda da aka manna, an rubuta 598, da wasu baƙaƙe uku a ƙasa. Na buɗe shafin farko. Ga shuɗin hatimin laburaren da 'yata ta fari ke zuwa kowace Asabar. Ƙarƙashinsa an liƙa wata takarda da ke cewa da Turanci ba a fita da wannan littafi waje. Sannan a gicciye, da jan tawada, an buga kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: WITHDRAWN. Kusa da kalmar, da biro, da rubutun babban mutum, sunan 'yata da ajinta.

Ban san sanda na sauko daga kujerar ba. Na dai tsinci kaina zaune a kan turmi, littafin a cinyata.

Na san kalmar nan. A makarantar kwana na san ta, ina aji uku. Akwai wata yarinya da ke kwana a gadon ƙasa da nawa, mai yawan dariya, ita ke yi mini kitso ranar Asabar. Aka fara rasa madara da sukari a akwatunan ɗalibai, aka yi bincike, aka samu a wurinta. Ranar Litinin muka ga sunanta a allon sanarwa, a gabansa wannan kalma da jan biro. Babanta ya zo da keke, ya ɗaure akwatin ƙarfenta a baya, suka fita a ƙafa yana tura keken, ko waiwaye ba ta yi ba. Tun ranar kalmar ba ta da wata ma'ana a kaina sai kora, kuma korar ɓarawo.

Sai abubuwa suka fara haɗuwa da kansu. Asabar biyu ke nan yarinyar ba ta je laburare ba. Da na tambaye ta ina tsintar shinkafa, cewa ta yi an rufe, ni kuwa ban ko ɗaga kai ba. Yanzu ga littafin da aka ce ba a fita da shi, ga shi a gidana, a ɓoye a inda ba mai dubawa sai ƙarshen shekara. Na ce a raina: ta ɗauko, an gane, an kore ta, ta rufe da ƙarya. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda ke tsayawa gaban majami'a tana karanta dokokin Ubangiji da ka, har mata su riƙa juyowa suna yi mini murmushi.

Na durƙusa a nan ɗakin girki na yi addu'a, amma gaskiya ban san me na faɗa ba. Maigidan mutumin kirki ne, sai dai in farkon magana sata ce, ba ya jiran ƙarshenta. Na yanke ba zan gaya masa ba tukuna. Abin da na ƙudura shi ne in kai littafin da kaina, in mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi ba tare da kowa ya gani ba. In kayan mutane ya koma hannunsu, sauran tsakanina da 'yata ne da Allah.

Na sa littafin a jaka, na ɗaura zani biyu kamar mai zuwa zumuntar mata, na tari keke mai ƙafa uku daga unguwarmu Abbare. Damina ce, an yi ruwa da asuba, duwatsun bayan gari sun yi kore shar. Muka bi ta gefen kasuwa, masu doya suna sauke kaya, wata da muke majami'a ɗaya ta ɗaga mini hannu na yi kamar ban gan ta ba. Wajen unguwar Sarkin Dawaki na sauka. Sau ɗaya na taɓa zuwa laburaren, ranar da na rako yarinyar karo na farko, kuma a bakin ƙofa na tsaya.

A ƙofar shiga akwai wani dattijo mai gadi, zaune a benci kusa da wani katako mai ramuka kamar gidan tattabaru. Na gaishe shi zan wuce.

"Madam, jaka ba ya shiga," ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo. "Ka ajiye shi nan."

Ya nuna mini wani allo a bango, an zana jaka an gicciya mata jan layi. Wannan kam ko wanda bai je makaranta ba ya ji abin da allon ke faɗa.

"Baba, ba daɗewa zan yi ba."

"Ko gwamna ne, jaka na zauna waje. Ka ajiye, na ba ka lamba."

Na tsaya ina lissafi. In na ajiye jakar, littafin ya tsaya a waje. In na fito da shi a gabansa, zai ga hatimin ya ga sunan. Na ce masa na manta wani abu, na koma baya, na zagaya bayan wata bishiyar mangwaro a harabar. Can na kwance zanin sama, na kwantar da littafin a cikina, na ɗaure tam. Ni da na zo gyara sata, ga ni ina ɓoye kaya a jiki. Na dawo na miƙa jakar.

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa. "Madam, ka ci abinci ne a bayan bishiya?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya miƙo mini wani ɗan katako mai lamba, na shiga.

Abin da ya fara tarye ni hoton fuska ne da yatsa a kan leɓe. Shi ma bai buƙaci fassara ba. Sai dai takalmina na roba ne, ya jiƙe, kowane taku sai ya yi "cuwi". Wasu samari da 'yan mata da ke karatun jarrabawa a dogayen tebura suka ɗaga kai. Na fara tafiya a kan yatsun ƙafa, hannu ɗaya a ciki kamar mai juna biyu.

Ban taɓa ganin littattafai da yawa haka ba. A makarantarmu abin da ake kira laburare kabad biyu ne a ofishin mataimakin shugaba, kuma a kulle. Nan kuwa layi-layi ne na kantoci, sun fi ni tsawo, kuma a saman kowane layi an rataye allo daga silin da lambobi: 000, 100, 200, haka har can ƙurya. Ba wanda ya ce da ni komai. Allunan ne ke magana, ni kuwa ban iya yarensu ba.

Tunanin farko da na yi shi ne 598 na nufin littafi na ɗari biyar da casa'in da takwas. To ai da sauƙi, sai in ƙirga. Na je kanta ta farko na fara, ɗaya, biyu, uku, ina taɓa su da yatsa. Na kai wajen saba'in sai na lura littafi huɗu a jere duk lamba ɗaya gare su, na gaba da su kuma ya yi tsalle ya bar lambobi da yawa a baya. Ƙirga ta lalace.

Sai na ce, tunda yarinya ce ta ɗauko, a wajen yara yake. Ga kibiya a jikin ginshiƙi da hoton yaro riƙe da littafi. Na bi inda ta nuna, na tura wata ƙofa, sai ga ni gaban tsintsiya da bokiti da karyayyun kujeru. Da na dawo na duba da kyau, ashe ƙusa ɗaya ce ta fita, kibiyar ta juya. Na sami wajen yaran a ɗaya ɓangaren, ƙananan kujeru da tabarma, amma littattafan can ba lamba ko ɗaya a jikinsu, sai ɗigon launi, ja da kore da rawaya. Nawa ba shi da ɗigo. Ba ɗan nan ba ne.

Kusa da nan akwai wani kabad mai ƙananan aljihuna da yawa, kowanne da baƙi a goshinsa. Na jawo ɗaya. Katuna ne cike, an soke su da ƙarfe, kamar katunan marasa lafiya a asibiti. Na ga lambobi irin nawa a kusurwarsu, na san akwai amsa a ciki, amma ban san ta inda ake tambaya ba. Na mayar a hankali.

Zufa ta fara bin bayana. Kusurwar littafin tana soka mini haƙarƙari. Na jingina da ginshiƙi na ce, ya Ubangiji, kai ka san ba don kaina na zo ba. Ina tsaye ina kallon allunan nan da ke lilo kaɗan saboda fanka, sai allon majami'armu ya faɗo mini a rai, wanda ake jera lambobin waƙa a kai ranar Lahadi. In an sa 214, ba wanda ke fara ƙirga waƙoƙi daga ta farko. Buɗe littafin kake yi wajen ɗari biyu, ka matsa gaba kaɗan. Kuma waƙoƙin ba a watse suke ba, na safiya suna wuri ɗaya, na jana'iza wuri ɗaya, na Kirsimeti wuri ɗaya. Ashe lambar nan adireshi ce. Ɗari biyar unguwa, casa'in layi, takwas ƙofar gida.

Na bi ƙarƙashin allunan ina karantawa. A ƙarshen kowace kanta an manna wani kati da ya koɗe, an rubuta abin da ke layin. Ɗari biyu na addini ne, na ɗan rage tafiya a nan. Littattafanmu da na 'yan uwanmu Musulmi a layi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda muke zaune a unguwa. Ɗari uku, ɗari huɗu. Na shiga ɗari biyar.

Duk da halin da nake ciki, layin nan ya ba ni sha'awa. Da farko lissafi, shi kam na wuce shi da sauri kamar yadda na saba. Sai taurari da wata. Sai duwatsu da ruwa. Sai itatuwa da ciyayi. Sai ƙwari, sai kifi. Na ce ikon Allah, wanda ya tsara wurin nan kamar ya zauna a ajin Lahadi ya ji yadda aka yi halitta. Ban ƙara duba lamba ba, na san bayan kifi me ke zuwa.

Ga su kuwa. 598, tsuntsaye, wajen littafi goma sha wani abu a kanta ta biyu daga ƙasa.

Na durƙusa ina neman gurbin da nawa ya bari. Na ɗauka zan ga rami kamar inda haƙori ya fita. Babu. A matse suke. Na duba baƙaƙe ukun da na haddace, na bi su da yatsa, sai ga su a jikin wani littafi sabo fil, mai bango mai sheƙi. Na zaro shi na buɗe. Hotunan nan ne dai, tsuntsu mai dogon baki a shafin farko, duk iri ɗaya. Na ce shi ke nan, har sun gaji da nema sun sayi wani. Ido ya cika mini da hawaye.

A daidai fuskata kuma, a bakin kantar, ga wata sanarwa: kada mai karatu ya mayar da littafi kanta da kansa, ya bar shi a kan tebur. Wato ko mayarwar ma laifi ce. In na bar shi a tebur, wanda ya ɗauka zai buɗe ya ga sunan 'yata. Na ce a gafarce ni, wannan dokar kam zan taka. Na duba dama da hagu, na sassauta zanin, na fara zaro littafin.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Cikin raɗa aka faɗa, amma ji na yi kamar tsawa. Wata mata ce doguwa, Bafulatana, da hijabi ruwan toka da tabarau, tana riƙe da wani ɗan keken katako cike da littattafai. Ma'aikaciyar wurin ce. Ga ni durƙushe, sabon littafi a hannun hagu, tsoho rabinsa a cikin zani. Ko ni ce ita, na san abin da zan zata.

"Malama, ba fita zan yi da shi ba," na ce, ni ma da raɗa. "Shigowa na yi da shi."

"Shigowa? A ciki?"

"A ciki."

Ta sauke tabaraunta kan hanci ta dube ni. "Shekara nawa ina aikin nan, masu fita da littafi a zani na sha gani. Mai shigo da shi, ke ce ta farko. Taso mu je ofis, kada mu dami masu karatu."

Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kwalaye jibge har taga. Ta ba ni kujera ta rufe ƙofa. Na ajiye littafin a gabanta, kuma duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce 'yata ce, yarinya ce, ba halinta ba ne, ban san me ya shige ta ba, a yi mata duk hukuncin da ya dace amma don Allah kada a kai maganar makarantarsu, kada a sa sunanta a allo. Kuka ya ci ƙarfina.

Ta jawo littafin ta buɗe shafin farko. Sai ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Ke ce maman 'yar tsuntsayenmu?"

Na ɗaga kai.

"Wannan ai rubutuna ne. Ni na ba ta."

"Kin ba ta? To korar fa?"

"Wace kora?"

Na sa yatsa a kan jan hatimin. Ta dubi kalmar, ta dube ni, ta sake duban kalmar da sunan da ke kusa da ita. Na ga sanda abin ya faɗo mata. Ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta suna rawa, tana ƙoƙarin kada dariyar ta fita waje.

"Ayya, Maman yara, yi haƙuri, ba ke nake yi wa dariya ba. Wallahi ban taɓa kallonsa haka ba. Littafin muka sallama, ba yarinyar ba. Ritaya ya yi. In littafi ya tsufa, bango ya fita, muka sami sabo, sai mu buga masa wannan, mu cire katinsa daga aljihun can. Daga ranar ba namu ba ne. Waɗancan kwalayen duk irinsa ne."

"Amma an rubuta ba a fita da shi."

"Da can ne, lokacin yana aiki. Jan ya kashe wancan. Sunanta kuwa na rubuta ne don Baba mai gadi, in ba haka ba ko allura ba ya bari ta wuce."

Na tambaye ta Asabar biyun da yarinyar ba ta zo ba. Ta ce rufewa suka yi don wannan aikin na tace tsofaffin littattafai, sun ma liƙa sanarwa a ƙofar waje, ruwan sama ya wanke ta tun kwana na biyu.

Wato ko ƙarya ɗaya 'yata ba ta yi ba.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kamar na sauke tulu bayan doguwar tafiya, wuya ya yi sakayau har kai na rawa. Na ce, "Na gode maka Yesu," da ƙarfi, a ofishin baiwar Allah Musulma, ita kuma ta ce, "Alhamdu lillahi," ta zuba mini ruwa a kofi.

Ina sha tana ba ni labarin 'yata, labarin da ni uwarta ban sani ba. Wai tun zuwanta na uku ta bar wajen yara, ta ce ta gama masu ɗigon kore. Ita da kanta ta gano lambar tsuntsaye, kullum can ake samunta zaune a ƙasa. Tana zuwa da wani ɗan littafin rubutu, in ta ga tsuntsu a hanya ko a bakin kogi sai ta zana shi, ta zo ta nemi sunansa. Har tambayar ma'aikaciyar take yi sunansa da Fulatanci, ta rubuta kusa da na Hausa da na yarenmu. Litinin ɗin nan da aka sake buɗewa ta biyo daga makaranta, ta tarar an kawo sabon littafin an cire tsohon, tsayawa ta yi bakin ofis, sai kallon kwalin take yi.

"Na ce mata, ɗauki, bingel, 'yar yarinyata, naki ne. Ta rungume shi kamar jariri."

Na sunkuyar da kai. Murna na ciki, kunya na ciki.

"Yaya aka yi kika sami wurinsa?" ta tambaya. "Wa ya nuna miki?"

Na gaya mata duka, ƙirgar da na fara, ɗakin tsintsiya, da allon waƙoƙi. Da na zo kan kibiya ta ce, "Har yanzu ba a gyara ƙusar nan ba?" Ta ɗauki hatimin tana juya shi a hannunta, wani ɗan katako mai gindin roba da bai kai tafin hannu ba.

"Kin san mu da muke ciki kullum mun daina ganin allunan nan," ta ce. "Mun ɗauka kowa ya san abin da suke nufi. Yara nawa na ba irin wannan a makon nan, duk da sunansu a jiki. Allah kaɗai ya san gida nawa aka yi shari'a."

Ta ɗauki biro, ta jawo littafin, a ƙarƙashin jan hatimin ta rubuta da Hausa, baƙaƙe manya: KYAUTA CE, AN BA TA. Ta sa hannu. Ta ce sauran na cikin kwali ma haka za ta yi musu kafin su fita.

"Wannan karon a hannu za ki riƙe shi," ta ce tana raka ni. "Zani ya huta."

A ƙofa na miƙa wa dattijon ɗan katakonsa. Ya karɓi littafin ya buɗe, ya kai shi kusa da ido.

"Wannan ya yi ritaya. Ya wuce." Ya miƙo mini jakata, ya dubi cikina. "Madam, ka sauka lafiya? Namiji ne ko mace?"

Wannan karon dariyar gaske na yi, har na dafa bango.

A keken komawa iska na kaɗa ni, ina ta kallon sama. Shekarata nawa a garin nan, ban taɓa lura da yawan tsuntsayen da ke kan wayoyin lantarki ba. Na roƙi gafarar Ubangiji a kan zato. Awa uku na yi ina ɗauke da 'yata a matsayin ɓarauniya, ban tambaye ta ba, ban ba ta bakin magana ba, saboda kalma ɗaya da na sani rabi. Yarinyar gadon ƙasa ma ta zo mini a rai. Na yi mata addu'a duk inda take, abin da ban taɓa yi ba.

Da na isa gida na ga da sauran lokaci kafin a tashi makaranta. Na yanko kwalin sabulu, na nemo ƙyallen atamfar da ya rage daga ɗinkin Ista, na dama ɗan sitaci. Na yi wa littafin bango, na ɗinke bayansa da zare mai kauri, na kula ban rufe 'yar farar takardar mai lamba ba. Na ɗora turmi a kai ya danne. Sannan na ajiye shi a kan tebur a falo, inda ba mai shigowa bai gani ba.

Ƙannenta suka riga ta shigowa, suka wuce ɗakin girki neman abinci. Ita ta shigo daga baya, jaka a kafaɗa, safa ɗaya ta zame. Ta ce, "Mama, sannu da gida," sai idonta ya sauka a kan teburin. Ta tsaya cik. Ta buɗe, ta ga hotunan, ta ga sabon rubutun. Ta dube ni.

Na zaunar da ita kusa da ni na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce na zarge ta da abin da ba ta yi ba, ta yafe mini. Ban taɓa roƙon wani cikin 'ya'yana gafara ba sai ranar, kuma bai yi wuya kamar yadda na zata ba. Da na zo wajen zani da Baba mai gadi, ta kwanta a kujera tana dariya har da hawaye. Ta sa na maimaita abin da ya ce sau biyu.

Da ta natsu na ce, "To amma 'yar nan, abu ɗaya ya rage mini. Tunda ba ki aka yi, me ya sa kika ɓoye? Wa kike tsoro, Babanku?"

Ta girgiza kai. Tana shafa atamfar da tafin hannu, tana satar kallona kamar mai auna ko maganar za ta yi zafi.

"Mama, ai ke na ɓoye wa. Duk takardar da kika gani ba bango, gawayi kike hurawa da ita. Littafin lissafina na aji huɗu ma a kan shayi ya ƙare."